Ɗankwalin da Baba Ya Hana a Zuba wa Turare

Ko da zan manta sunan duk turaren da na taɓa sayarwa, wannan yammacin ba zai fita raina ba. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin, in na taso daga makaranta sai in wuce shagon turaren Babanmu a cikin birnin Zariya. Bakin ciniki kuwa Allah ya ba ni. Ko gaisuwa ka leƙo yi sai na shafa maka a bayan hannu, don na san kana shinshinawa ka kamu.

Ranar an ɗan yi ruwa, ƙasa na ƙamshi, hasken la'asar ya kwanta kan kwalabe, ni kuma barci na ɗan fizgata. Sai wani tsoho ya jingine kekensa ya yi sallama. Ya zaro wani koɗaɗɗen ɗankwali daga aljihu, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Na mai ɗakina ne," ya ce. "Wata bakwai ke nan da rasuwarta. Ƙamshin ne ke gudu, ni kuma ban san sunan turarenta ba."

Baba ya yi mata addu'a. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, raina cewa yake ciniki ya zo. Na karɓi ɗankwalin na lumshe ido. Can ƙasa-ƙasa na ji sandal, na ji hayaƙin itace da man shanu, da wani abu da har yau ban san sunansa ba. Sai na ga kamar ina tsaye a tsakar wani gida, wata mata ta ba ni baya tana tankaɗe. Na buɗe ido na shiga buɗe kwalabe, har na kai ga ɗaya.

"Ga shi! Wallahi shi ne!"

Tsohon ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. "Kamar shi ne, jikata. Zuba mini."

Har na ɗauko kwalba sai Baba ya ce, "Malam, me za ka yi da shi?"

"A jikin ɗankwalin zan yayyafa mana."

Baba ya karɓi turaren daga hannuna ya mayar da murfi. "To, ka yi haƙuri, ba zan sayar maka ba. Wannan sabo ne, ƙarfi gare shi. Digo ɗaya zai danne ɗan abin da ya rage, kuma ba mai iya dawo maka da shi."

Ya laluba ƙarƙashin kantar shagon ya ciro wani gwangwani mai matsattsen murfi. "Sa shi a nan. Kada ka riƙa buɗewa kullum, sai ranar da kewa ta yi yawa."

Tsohon ya ninke ɗankwalin a hankali ya saka. Ya rufe gwangwanin, sannan ya tura kekensa ya tafi.

Na cika na yi fam. "Baba, da hannunka fa ka kori ciniki."

"Ke ɗankwali kika shinshina," in ji shi, "mutumin ba ki saurare shi ba."

Yanzu shagona nake riƙe da shi, har ta waya nake aika kaya unguwannin Kongo da Wusasa, kuma bakin nan nawa yana nan. Amma ba na ɗaure wa kowa kaya sai na tambayi abin da zai yi da shi, domin na gane mai sayarwa yana iya cutar mutum ko da da kaya mai kyau. Da ni kaɗai ce a shagon ranar, da bawan Allahn nan ya koma gida ya shafe ƙamshin matarsa da hannunsa, yana ta sa mini albarka.