Bargon da Na Jiƙa wa Furanni

A shekarar da kogi ya janye har yara suka riƙa tsallaka shi da ƙafa, ni furanni nake nomawa. Na san yadda maganar ke sauka a kunne, kuma ba zan gyara ta ba. Muna zaune can ƙarshen unguwar Yantala a Yamai, inda gidaje ke ƙarewa garake su fara, a gidan ƙasa mai ɗaki uku da rijiya a tsakiyar garka. Ga kaji, ga zabi, ga mangwaro biyu. Wanda ya zo mana daga Kalley, can tsakiyar gari, sai ya ce mun koma ƙauye. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, rabin wata yana biro, wato ofis, rabin wata yana rangadi. Garkar tawa ce, gadon mahaifina, wanda ya yi wa wani Bature aikin lambu shekara ashirin ya fito ba shi da komai sai sanin fure. Shi ya koya mini a yanke kara a karkace tun rana ba ta ɗaga ba, a jefa gawayi cikin ruwa don kada ya yi wari, a sa dogaye a baya gajeru a gaba, a cike tsakani da ganye.

Soja ke mulki a lokacin, matan manyan soja kuwa na son ganin fure a kan tebur. Babbar mai sayena matar wani kumandan ce, kowa Madam yake ce mata. Duk Juma'a da safe nakan ɗaura daro a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, in kai mata buke huɗu, wato damin furen da aka tsara. Ta taɓa nuna ni ga baƙinta ta ce, "Ga gwanar tawa." Sai da na yi sati ina tauna wannan kalma. Ta ƙofar baya nake shiga gidan, amma ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

Ana cikin haka yayar maigidana ta sauka daga wani ƙauye na arewacin Tawa. Fari ya cinye musu bisashe, mijinta ya tafi kudu neman abinci ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ƙyanda ta bi bayan yunwa ta ɗauke mata ƴaƴanta biyu cikin wata guda. Ta iso da ƙwarya ɗaya da bargo naɗe a ka. Yaya nake ce mata, ita kuma Amarya take ce mini, duk da shekarata goma sha ɗaya a gidan ƙanenta.

Kashegari na zaga da ita garkar, maƙwabta biyu na biye da mu. Ta tsaya gaban jajayen roz ɗina ta daɗe tana kallo.

"Amarya, wannan me yake haifa?"

"Ba ya haifar komai, Yaya. Fure ne."

"To ashe ƙarya kike nomawa. Ita ce na ji an ce fure take, ba ta ƴaƴa."

Maƙwabta suka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Wasa take yi, kuma ina jin dariyar farko ke nan da ta nema tun da ta rufe ƴaƴanta. Ni kuwa na ƙulle maganar a bakin zanena. Allah ya yi ni da riƙo, mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji.

Ba zan ci amanarta sau biyu ba: Yaya ba ta zauna mini a banza ba. Rijiyar ta yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara igiya, ita ke jan guga safe da yamma tana shayar da ƙaryar tawa. In rana ta take sai ta zauna gindin mangwaro da allura da zare. Nakan karɓo mata ragowar ƙyallaye wajen maɗinkan Kalley, ta yanka su murabba'i, ta haɗa, ta sa tsohon zane a tsakiya, ta bi da ɗinki ƙanana a jere kamar shukar gero. Ta yi wa ƴaƴana barguna biyu, har yau ɗaya na nan.

Nata bargon ya fi su duka kauri, ninki uku ne. Da shi take kwana ko a bazara, in zafi ya yi yawa ta yi matashi da shi. Ranar farko da ta shanya shi a kan danga na gane abin da ke ciki. A tsakiyarsa akwai ƙyalle shuɗi mai siririn zane fari. Ni na zaɓi wannan yadi da hannuna shekara huɗu kafin nan, da maigidana ya ce in saya wa babban ɗanta na rigar Salla. Na zaga shaguna uku ina murza yadi tsakanin yatsu kafin in yarda da shi. A gefen shuɗin kuma ga atamfar goyon ƙaramar. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Macen wajensu ba ta kama sunan ɗan farinta yana raye, balle ta zauna tana zancen rigarsa bayan ya mutu. Abin da ni na gani a lokacin shi ne tsumma rataye a dangar roz ɗina, a daidai inda masu saye ke tsayawa.

Da bazara ta kai tsakiya aka ƙara wa kumandan girma, Madam ta aiko a kai mata buke goma sha biyu. Fure ba ya jure tafiya a irin wannan rana sai an lulluɓe shi da abu mai laima. Da buhun algarara nake yi, to a shekarar buhu ya fi fure daraja, duk an kwashe su wajen rabon hatsi. Biyun da suka rage mini sun zama raga. Maigidana yana rangadi. Na gama yanka, na tsara, na tsaya ina dube-dube, idona ya faɗa kan bargon Yaya.

Na ɗauko shi na same ta bakin rijiya.

"Yaya, akwai wani abu ne a jikin tsumman nan? Ina so in jiƙa shi in rufe furanni."

Ta dubi bargon, ta dube ni.

"Ba komai, Amarya."

Na san abin da za ta ce ke nan kafin in buɗe baki, shi ya sa na yi tambayar haka. Da na ce ta ara mini, tana iya kawo wani uzuri. Amma na tambaye ta abin da kunya ba za ta bar ta ta amsa ba, a gidan da take cin tuwona. Na tsoma bargon a daro, kuma ita ta jawo gugan da na jiƙa shi da shi.

Furanni sun isa kamar yanzu aka yanke su. Madam ta yaba, sannan ta ɗaga gefen bargon da yatsu biyu tana yamutsa fuska.

"Wannan fa, daga ina?"

"Wani tsumma ne na tsinta a gida, Madam."

Na jefa shi bayan madafa na shiga jera furanni a tebura. Kafin in gama baƙi sun cika gidan, motoci har bakin titi, mata sai ƙamshi. Na tsaya na auna kaina ina ratsa su da jiƙaƙƙen bargo a daro, na ga ba zan iya ba. Na hau mobilet ɗina na dawo. Yaya na tsaye bakin garka, idonta a kan daron. Na ce na manta, sai Juma'a mai zuwa. Ta ce Allah ya kai mu.

Allah ya kai mu. Na shiga ta ƙofar baya na tarar da ƙaton karen kumandan kwance a kan bargon, ya ɗora haɓa daidai kan shuɗin. Madam tana dariya ta ce tun ranar walima ya ƙi rabuwa da shi, na yi masa kyauta. Kalma ɗaya ta isa in karɓe shi. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ya more." A gida na ce wa Yaya an sa shi a wanki. Juma'a ta uku na ce mai wankin ba ya nan. Ba ta ƙara tambaya ba, amma ta daina ɗinki, sai ta zauna gindin mangwaro hannu a cinya.

Wata Talata na dawo daga kasuwa ban same ta ba. A kwanakin sojoji na bin tituna suna tattara mutanen da yunwa ta koro, duk wanda ba shi da takardar shaida a zuba shi a kamyo, babbar motar kaya, a mayar da shi yankinsu. Da azahar maƙwabcinmu, wani dattijo Bazabarme mai garkar ganyen salati, ya leƙo ta kan danga da karyayyiyar Hausarsa.

"Maigarka, baƙuwa naki ya tambaye ni hanyar gidan kumandan, ni ya nuna masa. Yanzu an ce soji sun kama shi a ƙofa. Kala suru, sai haƙuri, amma ki yi sauri, la'asar kamyo yana tashi."

Na yi sauri, wannan kam Allah ya sani. Na nufi gidan Madam ina shirya maganar a raina, don in ta ɗaga waya sau ɗaya an gama. Na same ta a baranda da ƙawaye biyu, furannina a gabansu. Tun ban gama gaisuwa ba ta tare ni.

"Yawwa, gwanata. Wata mabaraciya ta zo ɗazu ta ƙi barin ƙofa, wai ita dangin mijinki ce, wai mun riƙe mata kaya. Kin san ta?"

Ƙawayen suka juyo suna kallona daga ɗankwali har takalmi.

Na ce, "Ban san ta ba, Madam."

"Na faɗa! Yanzu kowa ya ji yunwa sai ya ƙirƙiro dangi a Yamai."

Aka ba ni ruwan sanyi na sha. Na shanye shi tas.

Daga nan na wuce filin da ake tara su, ban san me na je yi ba. Kamyo uku, mutane a tsugune a rana, yara ko kuka ba sa yi. Na hango ta a kamyo na biyu, ta riƙe ƙarfen gefe. Na matsa kusa, wani soja matashi mai takarda a hannu ya tare ni.

"Madam, akwai taki a ciki? In akwai ki faɗi sunan maigidanki da inda yake aiki, ki sa hannu, a sauke ta."

Ƙofa ta biyu ke nan da Allah ya buɗe mini a yini ɗaya. Na tsaya ina tunanin takardar nan tana isa teburin kumandan, ina tunanin Madam tana jin cewa na yi mata ƙarya a gaban ƙawayenta, ina tunanin Juma'a. Sojan ya sake tambaya. Yaya na kallona daga sama, sai ta amsa a madadina.

"Ba tata ba ce, ɗana. Ban ruwa nake mata a garka."

Sojan ya wuce gaba. Ta sunkuyo ta rage murya.

"Amarya, ki sa a shanya bargon. In ya daɗe a jiƙe zaren ruɓewa zai yi."

"An shanya, Yaya."

"To madalla. Ki gaida yara."

Da maigidana ya dawo na ce masa kewar gida ta dame ta, ta bi motar gwamnati don kanta. Ya yi ta faɗa, ya nemi izini a biro ya bi ta da buhun gero rabi. Na yi kwana shida ina jiran ya dawo da takardar sakina. Ya dawo ya ce ya same ta a bukkar wata maƙwabciyarsu, ta rame ƙwarai, ta ce masa ba komai, gida ne ya kira ta, kuma Amarya ta riƙe ta da kyau. Ta ƙi biyo shi. An yi ruwa a damanar, amma ba ta ga girbi ba. Shi ma ya rasu shekaru da yawa bayan haka yana yaba mini yadda na kula da yayarsa, har yana kafa misali da ni a danginsu.

Na so in ce na daina zuwa gidan Madam, amma ban daina ba. Na ƙara shekara biyu ina kai buke huɗu duk Juma'a, har aka sauya wa kumandan wurin aiki. Karen yana nan bayan madafa a kan hanyata, dole in raɓa shi in wuce, wani lokaci in tsallake gefen bargon da daro a hannu. Na ga yadda bargon ya riƙa ƙarewa. Ƙananan ɗinkin nan suka fara saki, atamfar goyon ta yage ta fita, sauran ƙyallayen suka koma launin ƙasa.

Shuɗin tsakiyar ne kaɗai bai koɗe ba har ranar da suka tashi. Na faɗa muku shaguna uku na zaga kafin in saye shi.