Rashin Mariya, Baƙuwar Gidan Inna Larai

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma, ɗan gari da baƙo. Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Maris na 1982, da hantsi, Mariamma Kurian ta rasu a asibitin Talata Mafara bayan gajeriyar jinyar sanƙarau. Mutanen Birnin Tudu da Dakko da Kaya ba su san ta da wannan suna ba, Mariya suke ce mata. 'Yar ƙasar Indiya ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya, cocinsu ne ya turo ta aikin sa kai. Ba ta kai shekara talatin ba. Ni Suwaiba Yahaya, malamar firamare a Birnin Tudu, ni ce tafintarta tun ranar da ta zo. Na duba na ga idan ban rubuta wannan ba, babu wanda zai rubuta.

Mariya, kin zo mana a mummunan lokaci. Aikin dam ɗin Bakolori ya riga ya shigo mana har tsakar gida. Katafiloli sun baje gonakinmu, sun tumɓuke ɗorawa da kaɗanyar da kakanni suka bar mana, aka ce mu jira a gama shata hanyoyin ruwa sannan a mayar wa kowa da tasa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu wanda ya sa iri a ƙasa. Mutanen Maradun ruwa ya cinye nasu gonakin, na gangare kuma fadamarsu ta bushe. A cikin wannan hali mota ta sauke ki a bakin kasuwa, ke da akwatin ƙarfe da keke. Mun ɗauka ke ma ta kamfanin dam ce. Kika yi ta gaisuwa da Hausar da kika haddace a hanya, babu wanda ya amsa.

Inna Larai ce ta fara tausaya miki, tsohuwar da 'ya'yanta maza duk suka tafi ci-rani. Ta ce, "Ɗiyar mutane ba ta kwana waje ina da ɗaki." Washegari limaminmu, Malam Tukur, ya aika aka kira mu. Bai dube ki ba, ni ya duba ya ce, "Malama, hwaɗa mata magani muna so, addininmu kuwa ya ishe mu." Na fassara miki ina jin nauyi. Kika rusuna kika ce, "Ki ce wa Malam na ji. Ki tambaye shi kuma, tarin nan da yake yi, tun yaushe ne?" Malam ya ce tun kaka. Daga ranar har kika bar duniya ban taɓa jin kin ja wani zuwa addininki ba, ban kuma taɓa ganin kin ɓoye shi ba.

Rayuwarki a gidan Inna Larai ba ta da wani ado. Kina tashi da kiran assalatu, ki durƙusa gaban ɗan gicciyen katakon da kika rataye a bango, ki yi addu'arki, ki fito ki share tsakar gida kafin Inna ta hana ki. Tulun farko da kika ɗauka daga rijiya bai iso gida ba, na biyu ma haka, sai Inna ta ce a bar ki da bokiti kafin ki ƙarar mata da tuluna. Tuwon dawa ya daɗe yana ba ki wuya, da kika saba kuma sai kika riƙa zuba wa miyar kuka barkono har Inna tana ci tana share hawaye. Idan aka ce miki ina gajiya, sai ki ce akwai, yara su yi ta dariya. Inna ta yi ta koya miki cewa ba a faɗin haka, ke kuma ki ce ai ƙarya ba kyau.

Gindin wata tsamiya da ta tsira daga katafila, nan ne asibitinki kafin a ba ki ɗakin magani. Nan kike auna jarirai, ki wanke gyambo, ki nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa. Wata rana ki hau keke zuwa Dakko, wata rana mu bi motar kasuwa zuwa Kaya. Ranar Lahadi kaɗai kike barinmu, ki tafi Mafara coci tare da leburorin dam 'yan kudu, ki dawo da yamma fuskarki a sake. Da azumi ba kya ko shan ruwa a gabanmu. Wani lokaci muna tankaɗen gari sai ki ba mu labarin garinku, inda kika ce ruwa ne ko'ina, da kwakwa, da kifi, da mahaifiyarki mai kiwon agwagi. Ba kya daɗewa a labarin, sai ki tashi ki nemi wani aikin.

Ba zan manta ranar da aka yi harbi a garin nan ba, shekarar da manoma suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu. Wanda ya gani ya gani, ba sai na faɗa ba. Waɗanda suka ji rauni sun ƙi zuwa asibiti don tsoron kamu. Ɗan Asabe, maƙwabcinmu, harsashi ya fasa masa cinya, matarsa ta ɓoye shi a rumbu, tun da dai babu hatsi a ciki. Kika hau tsani kika shiga rumbun da tafasasshen ruwa, da bandeji ya ƙare kika yayyaga zanenki. Shugabannin cocinku suka turo mota daga Gusau ta ɗauke ki, kika fito da jini a hannu kika ce wa direban ya koma, akwai wanda ba zai kai jibi ba idan kika tafi. Ɗan Asabe ya rayu. Yanzu yana Gusau yana dako da ɗingishi, gonarsa tana hannun wani.

Da aka saki ruwa a magudanai mun yi zaton wahala ta ƙare. Ƙasar da aka mayar mana ta yi tauri kamar daɓe. Sauro ya yi yawa irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba, yara suna wanka a magudana suna fitsarin jini. Ki ba yaro magani ya warke, ya koma ruwan nan, uwarsa ta sake goyo shi ta kawo miki. Wata la'asar, muna dawowa daga gaisuwar jaririn da kika yi ta fama a kansa, kika jingine keke a bakin magudana kika zauna a ƙasa. Kika ce da ni da Hausa, "Suwaiba, ruwa nake ɗiba da kwando. Ina addu'a, ba na jin komai." Na ce Allah yana ji. Kika ce, "Na sani. Ni ce ba na ji." Na tura keken muka koma gida. Da safe na tarar kina ba tayar keke iska, za ki Dakko.

Wa'adinki ya cika tun kafin Kirsimetin da ya wuce. Kika ce za ki jira wadda za ta canje ki, ki nuna mata gidaje. Ba a turo kowa ba. Sai zafi ya shigo da sanƙarau. Wuyan yara ya riƙa sandarewa gida bayan gida, allura ba ta isa ba. 'Yata Bilkisu tana cikinsu. Ke kika rungume ta a bayan a-kori-kura har Mafara, a cinyarki ta cika kafin mu kai ƙofar asibiti. Ba a yi sadakar bakwai ba kika ce kanki yana sarawa. Ban sani ba ko a wurinta kika ɗauka, ba na kuma so in sani.

A gadon asibiti Hausa ta fara gudu daga bakinki, sannan Turanci, ya rage sai harshenku da babu mai ji a cikinmu. Kalma ɗaya muke ganewa. Kina ta cewa, "Amma... amma..." mu kuma muna jira ki ƙarasa zancen. Inna Larai tana riƙe da hannunki tana cewa, "Amma mi, ɗiyata? Hwaɗi, muna ji." Ba ki ƙarasa ba. Bayan an rufe ki da mayafi wani malamin sakandare ɗan ƙasarku ya iso, na tambaye shi ko ya san abin da kike son faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce a harshenku haka ake kiran uwa. Inna ta sulale ta zauna a kan siminti ta ce, "Wayyo ni Larai. Da na sani, da na amsa mata."

An binne ki a maƙabartar Kirista a Gusau. Mu mata ba mu je ba. Ɗakin maganin yana kulle, an ce babu wadda za a turo bana, baɗi ma ba a sani ba. Ciwon bai tafi ba, maza suna ta barin gari. Ba zan yi miki ƙarya in ce abin da kika shuka ya tsiro ba, Mariya, don ban ga alama ba.

Na je wurin Malam Tukur na tambaye shi irin addu'ar da ta halatta in yi miki. Yana jan carbi ya ce, "Wanda ya halicce ta ya fi mu sanin ta, kuma ba ya zaluntar kowa. Bar ta gare shi." To, na bar ki gare shi, Mai rahama, wanda ko ƙwayar zarra ta alheri ba ta ɓace masa. Allah ya jiƙan Bilkisu da sauran yaranmu, ya ɗauke mana wannan annoba, ya dubi garin nan da idon tausayi.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan cocinta na Mafara da Gusau, da Inna Larai, da matan Birnin Tudu da Dakko da Kaya. Ga mahaifiyarta kuma, wadda ba ta jin Hausa, ba kuma za ta taɓa ganin kabarin ba: Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah. Idan wani ya fassara miki wannan, ki sani ke 'yarki ta yi ta kira har numfashinta ya ƙare. Muna tsaye a kanta, mu duka, ba mu gane ba. Ki yafe mana.

Suwaiba Yahaya
Birnin Tudu, Bakura