Ranar da Man Shanu Ya Yi Barci

Ranar Alhamis ce, da hantsi, kwana biyu bayan mun gama cirar gyaɗa a gonarmu, a wani ƙauye na ƙasar Kabo. Mu huɗu ne a wurin. Kakana yana zaune a kan buzu a bakin ɗakinsa, mahaifina yana tsugune a gabansa, ni ina gefe ina tsinke gyaɗa daga jikin harawa, mahaifiyata kuma tana bayan danga tana kaɗa nono, inda take jin kome amma ba a ganinta. Shekaruna bakwai.

Kakana ya ce, "Bana za a yi wa yaron nan kaciya."

Mahaifina ya ce, "To, Baba. Yaushe za a gaya wa wanzami?"

"Ranar da man shanu ya yi barci."

Ƙarar kaɗa nonon ta tsaya. Ba ta ci gaba ba sai bayan da mahaifina ya tashi ya fita.

A zamanin nan namu ba a yi wa jarirai kaciya kamar yadda ake yi yau. Sai yaro ya yi wayo, sa'an nan a jira lokacin sanyi, domin a sanyi rauni yake bushewa da sauri, a zafi kuwa ruɓa yake yi. Kowane gida yana da alamar da yake gane shigar sanyi da ita. Waɗansu suna bin lissafin taurari a wurin malamai, waɗansu suna duban dawa. Mu gidanmu na masu shanu ne tun asali, ko da yake noma ya riga ya ci ƙarfin kiwon, saboda haka kakana ya zaɓi soyayyen man shanu. Da zafi yana nan ruwa-ruwa a cikin ƙoƙo. In sanyi ya shigo da gaske, sai a wayi gari ya daskare, har yatsa ba ya shiga. Shi ake cewa ya yi barci.

Kakana ba ya gani sosai a lokacin, ba ya kuma fita. Ya ce jikinsa ya daina gaya masa gaskiya, domin ko da bazara sanyi yake ji. Ya ce bakin mutane kuma ya bi shi sau ɗaya, ba zai ƙara ba. Ban fahimci wannan magana ta biyu ba a ranar, amma na san wanda ta shafa.

Ina da wa, ɗan farin mahaifiyata. Ina ƙarami aka yi masa tasa kaciyar. Abin da na iya tunawa kaɗan ne: ya shiga ɗakin zaure da ƙafarsa yana yi mini gwalo, an yi ta kai masa kaji da kunu ina kuka a ba ni, daga baya aka daina kai kome, aka fito da shi a naɗe cikin tabarma. Ba wanda ya yi mini bayani. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, saboda kunyar ɗan fari, ba ta kuwa yi kuka a gaban mutane ba da ya mutu. Haka nan ba ta iya buɗe baki a gaban surukinta, balle ta ce masa a'a. Wannan ita ce tarbiyyar da aka yi mata, ba kuma na zarginta da kome.

Tun daga kashegarin ranar aka ɗora mini wani aiki. Kowace safiya, bayan an idar da salla, mahaifiyata takan miƙo mini ƙoƙon man a rufe da faifai, in ɗauka da hannu biyu in kai wa kakana. Yakan buɗe, ya tsoma yatsa, ya lasa.

"Bai yi ba, abokina. Ka tsira yau."

Wata rana yakan ƙara da wasa, irin na kaka da jika: "Me kake rawar jiki? Ai ni ya kamata in ji tsoro. Ka zama namiji ka ƙwace mini gida."

Ba na dariya. Tsakanin ɗakin mahaifiyata da nasa tafiya ce 'yar kaɗan, amma a cikinta nakan karkata ƙoƙon a hankali in saurari ko man yana motsi. In na ji ya malala gefe guda, sai numfashina ya dawo. Na koyi sauraron safiya kamar yadda mai ciwo yake sauraron jikinsa. Nakan taɓa ruwan randa kafin in wanke fuska. Nakan duba ko shanu sun kwana a matse da juna. Ranar da na fara ganin tururi yana fita daga bakin jakinmu, ban iya cin ɗumame ba.

Aiki kuwa bai tsaya don tsorona ba. An shanya gyaɗa, an ɓare, an ɗura a buhuna, mahaifina ya shiga kai da komo da jakuna zuwa Gwarzo inda ake awo. An ɗora harawa a kan rufin ɗakuna da rassan itatuwa. An yanke dawa. Tsofaffi suka fara hura wuta a ƙofar gida da sassafe, mata suka fara jinkirta zuwa rijiya sai rana ta ɗaga. Kowa a ƙauyen ya san sanyi ya shigo. Man shanun gidanmu kaɗai bai sani ba.

Wanzami ya zo da zabirarsa ya yi wa sa'o'ina su biyar a gidan mai unguwa. Da zai wuce ya leƙo zaurenmu ya gaida kakana.

"Baba, ga ni a gari, askata da kaifi. In haɗa da naku?"

"Bai yi ba tukuna."

"Wane ne bai yi ba? Yaron ko sanyin? Ni dai yau da ƙyar na iya alwala."

"Jeka abinka. In ya yi za a neme ka."

Mahaifina ya gwada sau ɗaya. Ya ce, "Baba, mutane fa sun fara cewa..." Kakana ya katse shi: "Waccan shekarar ma mutane ne suka ce." Daga nan mahaifina bai ƙara tayar da maganar ba.

Sa'o'ina suka warke, suka fito da sababbin bantuna da sanduna suna zaga gidaje ana ba su kaji. Da suka iso ƙofarmu suka tsaya suna yi mini ihu, wai na ɓuya a bayan zanen Inna, wai sai na yi gemu za a yi mini. Kunyar ta yi mini ciwo, amma ba ta kai tsoron ba.

A cikin kwanakin nan ne na fara jin gindin ƙoƙon da ɗumi a tafin hannuna, alhali yatsuna suna ƙandarewa. Wata safiya kuma na ga toka a jikinsa. Na ɗaga kai na dubi mahaifiyata, ta sa gefen zanenta ta goge tokar, ta ce, "Yi sauri, kada ka tsaya a hanya." Yaro ne ni, amma na gane. Abin da ban gane ba shi ne inda wannan jinkiri yake kai mu.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta gano. Tana aure a Kutama, ta zo ganin mahaifinta ta kwana a ɗakinmu. Mace ce mai kaifin baki, ba ta kuma iya ganin abu a inda ba wurinsa ba ta yi shiru. Da asuba ta fita ɗiban garwashi, sai na ji muryarta daga madafa.

"Ke, zo nan. Me ƙoƙon Baba yake yi a cikin toka?"

Mahaifiyata ta fita. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ita ta tsaya a gaban gwaggona tana kallon tokar.

"Da ke nake. Kaza ce ke, da za ki kwanta a kan mai kamar ƙwai? Tun yaushe?"

"Yaya, ki yi a hankali, za a ji."

"A ji mana! Tun yaushe?"

"Tun da aka yanke dawa."

Gwaggona ta yi salati, ta zauna a kan turmi. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Kina tsammani askar ce ta ɗauke wancan?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai.

"Ke ba ki shiga ɗakin ba, ba a bar ki ba. Ni na shiga, ni na yi jinyarsa. Yankan lafiya aka yi shi, ko jini bai yi yawa ba. Amma ki tuna wane lokaci ne. An tsaya jiran ubansa ya dawo daga kai shanu kudu, aka yi ta ce wa Baba da sauran sanyi, da sauran sanyi. Ranar da aka yi, a ina kika kwana?"

"A tsakar gida."

"A tsakar gida, don ɗaki ba ya kwantuwa saboda zafi. Raunin bai bushe ba. Ya kumbura, ya yi ruwa, zazzaɓi ya shiga. Abin da ya sa tsohon nan ya daina yarda da bakin kowa ke nan, ya koma ga ƙoƙo. Ke kuma kin sa ƙoƙon ya yi masa ƙarya. Ba fasawa zai yi ba, kin san shi. In man bai yi barci ba har sanyi ya wuce, wata rana zai gaji ya ce a yi hakanan. Kina tura yaron nan inda wansa ya tafi, da hannunki."

A nan mahaifiyata ta faɗi maganar da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, kafin ranar ko bayanta. Ta ce, "Yaya, shi kaɗai ya rage mini."

"Na sani. Shi ya sa."

Gwaggona ba ta taɓa ƙoƙon ba. Ta ɗebi garwashinta ta koma ɗaki. Ranar na kai wa kakana mai mai ɗumi kamar kullum, ya ce bai yi ba, na fito. Amma a wannan karon maganar ba ta sanyaya mini rai ba. Da rana ta take na tsaya a tsakar gida ina jin zafinta a ƙeyata, ina tambayar kaina ko jiya ta kai haka. Yaron da ya yi watanni yana roƙon kada sanyi ya zo, ya wuni yana roƙon kada ya tafi.

Da magariba mahaifiyata ta ɗauki ƙoƙon da kanta, ta taka turmi, ta ɗora shi a kan rufin rumbu, a fili. Ba ta dubi kowa ba.

Da safe ta sauko da shi ta miƙo mini. Sanyinsa ya ratsa mini hannu. Na karkata shi a hanya, kamar yadda na saba, ban ji motsin kome ba. Kakana ya buɗe faifan ya danna yatsa, yatsan bai shiga ba. Ya sake dannawa da ƙarfi. Ya kai ƙoƙon hancinsa ya sansana, ya daɗe riƙe da shi.

"Wannan ba barcin kwana ɗaya ya kamata ya zama ba. Tun yaushe ake sanyi haka?"

Gwaggona tana tsaye a bayana. Ta ce, "Baba, a kira wanzami, a bar tambaya."

Ya juya fuskarsa wajen dangar, ko da yake ba ya ganinta. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce a kira masa mahaifina.

Wanzamin ya riga ya nausa wajen Gude da aikinsa, sai da mahaifina ya bi shi ƙauye-ƙauye. Kwanakin da muka yi muna jira su ne mafi muni. Mahaifiyata takan fita da sassafe ta taɓa ƙoƙon a kan rumbu, yanzu tana tsoron ta same shi a narke. Da wanzamin ya iso yana tafe yana mita: "Da na zo da ƙafata kun kore ni. Sai da sanyi ya fara ɗaure kayansa za ku tuna da ni?" Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai tsada? Kaji biyar na sa'o'inka, kai kaɗai za ka ci naka, ba mai raba ka."

Aka yi mini ni kaɗai, da sassafe, a bayan zauren, mahaifina yana riƙe da kafaɗuna. Ba zan bayyana abin da bai kamata a bayyana ba. Aka kwantar da ni a ɗakin da wana ya kwanta, gwaggona ta fasa komawa Kutama ta zauna jinyata, tana gasa raunin tana barbaɗa garin bagaruwa. A kwana na uku zazzaɓi ya kama ni. Ina jin gwaggona tana cewa ba kome, amma hannunta bai bar goshina ba. Mahaifiyata ba ta shigo ba, al'ada ba ta ba ta wannan ba. Amma a bayan bangon ɗakin, daidai inda kaina yake, na yi ta jin ana kaɗa nono tun safe har yamma, alhali madafarmu tana can ɗaya gefen gidan, nonon gidanmu kuma bai kai a wuni ana kaɗa shi ba.

Bayan shekaru, a makarantar mishan da aka kai ni, akwai ma'aunin zafi rataye a bangon aji, kowace safiya ɗalibi ɗaya yakan karanta shi da ƙarfi. In layi ya zo kaina nakan fara duba ko wani ya riƙe shi a hannu kafin in iso.

Zazzaɓin ya sauka a kwana na biyar. Raunin ya bushe. Ranar da na fito da bantena man shanun yana nan a daskare a kan rumbu. Mako guda bayan haka ya narke, aka fara kwana a tsakar gida.