Baba Mashud da Tabarau na Husufi

A ƙofar gidanmu na haya a unguwar Maamobi ta Accra akwai wani benci da kowa ya san na Baba Mashud ne. Nan yake wuni da kwalin fulofi a gefensa, waɗannan faya-fayan roba masu kusurwa huɗu da ake adana rubutun kwamfuta a ciki kafin a daina yayinsu. Yakan ɗaure biyar da siririyar waya su zama mazubin biro. Teloli na sayen ƙananan akwatunansa su zuba allura da maɓalli. Wani mai aski a Nima ya rataya labulen fulofi da ya saƙa masa a bakin shago, iska na kaɗa shi yana ƙwas-ƙwas. In ka gaishe shi, sai ya karkatar da kai ya dube ka ta gefen ido, kamar yana kallon wani a bayanka. Baƙi kan ɗauka raini ne.

Daga Bawku ya zo Accra yana saurayi. Ya yi dako a kasuwa, daga baya ya koyi tafireta, har ya samu kujera a wata ƙaramar maɗaba'a a Kokomlemle, ta Alhaji Zulkarnaini. Da kwamfuta ta zo, shi aka fara ɗorawa a kanta. Katin suna, katin aure, takardar addu'ar mamaci, duk ta hannunsa suke bi. Kujerar nan ita ce abincin gidansa, ita ce kuma mutuncinsa. Da riga mai guga yake fita, biro a aljihu.

A shekarar 2006 aka sanar za a yi husufin rana, gari zai yi duhu da hantsi. Rediyo ya yi ta gargaɗi kada a kalli rana sai da tabarau na musamman, amma ba kowane gida ya samu ba. Mu yaran gidan muka dame shi da kuka. Sai ya fasa wani fulofi da ya lalace, ya zaro baƙar ledar da ke ciki, ya ɗaga ta sama. Rana ta fito ja, ƙarama, ba ta kashe ido. Ya yanka kwali, ya manna ledar, ya sa roba ta zagaye kai. Kafin a ce me, yaran layinmu da na bayanmu duk sun yi layi a ƙofarsa.

Baba Mashud mutum ne da ba ya sakin aiki bai duba ba. Kati ɗaya sai ya karanta shi ya sake karantawa kafin a buga. Haka ya yi da tabarau. Kowanne ya gama sai ya sa a idonsa, ya tsaya a tsakar gida ya ƙura wa rana ido, ya tabbatar babu huda, sannan ya miƙa wa yaro.

Matarsa, Inna Sabuwa, tana tankaɗe tana harararsa.

"Baban Awal, kai da rana kuna da magana ne? Shigo inuwa."

"Bari in gama na 'yar Abass. In idon yarinya ya lalace me zan ce wa uwarta?"

"Naka idon fa, aro ka yi?"

Ya yi dariya, ya ɗauki na gaba.

Ranar husufin, mu yara ɗan leƙe kawai muka yi. Ana fara duhu ladan ya kira salla, iyaye mata suka kora mu ɗaki suna salati. Ba wanda ya samu komai a cikinmu. Ledar fulofi tana rage hasken da ke sa mutum runtse ido, amma abin da ke ƙona idon yana wucewa ta cikinta. Wannan a asibiti aka faɗa wa Baba Mashud, bayan wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar duk abin da ya kalla ya ƙi tashi. Likita ya ce can ciki ne ya ƙone, kuma ba shi da magani.

Ya roƙi Inna Sabuwa kada ta faɗa wa kowa, don in Alhaji ya ji, kujera ta tafi. Yatsunsa sun san madannai ba sai ya duba ba. Ya ƙara girman haruffa a allon kwamfuta. In aka kawo rubutun hannu sai ya ce, "Karanta mini da bakinka, sunayen mutanenmu na Zongo ba a yi musu gaggawa." Mutane suka ma ji daɗin hakan. Fuska kuwa ba ya ganinta, sai ya koma gane mutum da murya, da launin riga, da irin hularsa. Haka ya yi ta lallaɓawa shekara da shekaru.

Wata rana wani saurayi ya zo a buga takardar addu'ar arba'in ta mahaifinsa, da ƙananan hotunan da ake mannawa a robobin abincin sadaka. Hoton da ya kawo na wani biki ne, mamacin tsaye da ƙaninsa Alhaji Jalilu. Su biyun sun sa yayi, wato yadi iri ɗaya da dangi ke ɗinkawa don biki, hularsu ma iri ɗaya. Saurayin ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan ne Baba," ya fita da sauri. Baba Mashud ya ga hannu ya motsa, bai ga inda yatsan ya sauka ba. Kunya da tsoro suka hana shi kiran yaron. Ya zaɓi na dama.

Da safiyar addu'ar aka karɓi kayan a ɗaure, aka ba 'yan mata suka manna. Sai da aka fara rabon abinci Alhaji Jalilu ya ga fuskarsa a kan robar shinkafa, da roƙon Allah ya jiƙansa a ƙasa. Matarsa ta zube tana kuka. Washegari ya iso maɗaba'a da robar a hannu.

"Mashud, ashe na mutu ba ka aiko an gaya mini ba? Tun jiya ake bugo waya daga Kumasi ana yi wa matata gaisuwa. Ni nake ɗauka!"

Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Alhaji Zulkarnaini bai yi ba. Ya jira baƙon ya tafi, ya ɗauki wani kati a tebur ya riƙe a gaban Baba Mashud.

"Karanta mini layin farko."

Baba Mashud ya karkata kai hagu, ya karkata dama. 

"Tun yaushe?"

"Tun husufi, Alhaji."

Alhaji ya ajiye katin. Sannan ya ce, "Da ka faɗa mini." Bai yi faɗa ba, amma ya sallame shi. Abin da Baba Mashud ya roƙa kawai shi ne kwalayen fulofi da ke jibge a ƙarƙashin tebur, tunda an koma fulash ba mai taɓa su. A tasi aka kawo su gida.

Da su yake aiki har yau, da lalube. Duk wanda ya ɗauka sai ya fara fasa shi, ya zaro baƙar ledar, ya daddatse ta da almakashi ƙanana-ƙanana, ba ya yarda ko guda ta fita daga gidan ba a yanka ba. Ɗansa Awal yana aiko abin da ya samu daga Tema, Inna Sabuwa tana sayar da koko.

Bara na fara aiki a Adabraka, motarmu tana bi ta Kokomlemle. Da ya ji haka, ya kira ni wata yamma.

"Wadia, in kin wuce ki leƙa mini. Wa ke zaune a wurina yanzu?"

Na yi mako ina ɗagawa kafin na sauka. Alhaji Zulkarnaini ya rasu, ɗansa ke riƙe da wurin. An fasa bangon ciki, an girka wani dogon inji mai buga allunan talla.

Da na dawo na durƙusa kusa da bencin na gaya masa.

"Teburin fa?"

"Babu, Baba."

"Kujerar?"

"Ban gan ta ba."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba ramin kusurwar fulofin da ke hannunsa, ya kai siririyar wayar ɗaurin, ta kuskure. Ya sake kaiwa, ta sake kuskurewa. Na miƙa hannu zan taya shi.

"Bari, 'yata," ya ce. "Zan same shi."