Ranar da Na Rantse Ba Ni da Mata

Ni dai Allah Ya yi ni da saurin hawa, ban taɓa musa wa kowa ba. Amma ban taɓa hawa irin na ranar da wani Basudane, cikin masu bin wa mutane takardu a ofisoshin Riyad, ya ɗaga takardar aurena da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma ba.

Matata 'yar ƙasar Sin ce, Musulma gaba da baya. A Gwanzu na same ta, zamanin da nake saro kaya ina aikawa Kano. Mahaifinta yana da shagon taliya, irin wadda ake ja da hannu, kuma can muke tururuwa mu baƙi saboda namansa halal ne. Na ci taliyar nan har na iya yarensu, na iya yaren har na nemi aure. Tsohon ya ja min rai iyakar ja, daga baya ya ba ni. A masallacin unguwarsu aka ɗaura, ga waliyyi, ga shaidu, ga sadaki, aka shafa fatiha, aka watsa dabino da gyaɗa. Liman ya rubuta mana takarda da Larabci da hannunsa. To me ya rage? A garinmu ko takardar ba a bayarwa, goro da alewa ne shaida.

Da kasuwa ta juya min baya, wani Balarabe mai sayar da kayan gini ya ɗauke ni aiki a Riyad, in riƙa yi masa tafinta da masu kawo masa kaya daga Sin. Na bar ta wurin iyayenta da alkawarin ina daidaita zan ɗauko ta. A unguwar Manfuha na sauka, mu biyar a ɗaki ɗaya. Igamata, wato katin zama, lebura aka rubuta a kanta, shi kuwa lebura ba ya kawo iyali. Na yi ta bin kafilina, wato Balaraben da ya ɗauke ni, kullum sai ya ce gobe da Larabci, yau "bukra", gobe "bukra in sha Allahu", har Allah Ya sa aka canja min sana'a. Na kama ɗan gida a unguwar Malaz, na sa labule, na sayi tukwane. Sannan na ɗauki takardar liman na tafi wurin Basudanen nan ina taƙama.

"Ya Hajji," ya ce, "wannan aure ne a wurin Allah, ban ja ba. Amma masu buga biza hatimin hukuma suke nema."

Ya yi min bayani dalla-dalla. Sai mun je ofishin rajistar aure a lardinsu ni da ita, an ba mu wani jan littafi, a fassara shi, a bi shi da hatimai. Kuma ba sa ba baƙo jan littafin sai ya kawo takarda daga kotun ƙasarsa ta haihuwa, inda ya rantse cewa ba shi da mata.

"Ni ne ba ni da mata?" na ce. "Ita wadda nake neman wa bizar, ƙanwata ce?"

Ya ce shi dai abin da doka ta ce ke nan. Na fizge takardata na fice, ko sallama ban yi masa ba.

Wanda bai tashi a gidajenmu ba zai ga rigimar banza na ɗauko. Amma mu tun muna yara aka sa mana a kai cewa aure igiya uku ne, kuma baki ne ke tsinka ta, ko cikin fushi ko cikin wasa. Na ga maƙwabcinmu da suɓutar baki ta kai gaban alƙali yana sharɓar kuka da gemunsa. Yanzu a ce ni in tsaya a kotu, in ɗaga hannu, in ce ba ni da mata? In igiyar ta tsinke fa, alhali matar tana can wata uwa duniya, ba ta ma sani ba?

Ranar Juma'a nakan koma Manfuha cin tuwo da tsofaffin abokan ɗakina. Na ba su labari, ashe na kai kaina mahauta. Wani direba Bakatsine ya dinga ƙyalƙyala dariya. "Sannu gwauron hukuma! Kai dai je ka rantse, mutumina, takarda ce fa." Dattijon cikinmu, wani magini, ya ajiye lomarsa ya ce, "Kul! Wannan magana ba a wasa da ita." Na fito kaina ya fi ɗaurewa.

Matata kuwa ta riga ta je ta tambayo, ta san da zancen takardar. A wurinta abu ne kamar katin rigakafi, a je a karɓo. Kullum in na samu hutun rana mukan yi waya muna ganin juna. "Takardar fa?" Sai in ce ana kai. Ban yi mata bayani ba, don in zan yi dole in ambaci saki a kunnenta, ni kuwa ko sunan abin ba na so ya gifta tsakanina da ita. Na yi shiru ina jiran wata dabara ta faɗo daga sama. Wata ya zo ya wuce, wani ya bi shi. Hirarmu ta fara gajarta. Tsohon nata da kan leƙo da kansa cikin waya ya tambaye ni ko na ci abinci ya daina leƙowa. Ni duk na ɗauka aiki ne ya yi musu yawa.

Ran nan ta dube ni ta ce, "Baba ya ce mutum ɗaya ne ke kasa kawo takardar rashin aure. Wanda ya ɓoye mata a gida."

Innalillahi! Ni da nake hana kaina barci don in tsare aurenta, ni ake wa wannan zato? Na yi ta faɗa, rabi da yarensu rabi da Hausa, na kashe wayar. Da na huce sai tsoro ya kama ni, don na ga babu ƙarya a lissafin tsohon. Ko ni ne a matsayinsa abin da zan ce ke nan.

Akwai wani ɗalibi Badamagare da ke karatun fiƙihu a jami'a, mukan haɗu a masallaci. Bayan la'asar na ja shi gefe na zazzage masa komai. Ya saurara har na gama, ya ce irin wannan lafazi niyya ake dubawa, ni kuwa ba rabuwa nake nufi ba, kuma abin da kotu ke tambaya shi ne auren da ke rubuce a wurin hukuma. "In zuciyarka ba ta kwanta ba, Alhaji, kana fitowa ka ce ka mayar da ita, shi ke nan. Amma ka yi sauri, kada garin gyaran gira ka rasa ido."

Ana cikin azumi na karɓi hutu na tafi Kano. Magatakardan kotun ko ɗago kai bai yi ba. Na ɗaga hannu na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ina fitowa na tsaya a gindin bishiyar da masu buga takardu ke zama, na kira ta.

"Na mayar da ke," na ce da Hausa, na sake faɗa da yarensu.

"Daga ina?" ta ce.

Nan na warware mata zare da abawa, igiya uku, maƙwabcinmu, dattijon Manfuha, duka. Sai na ji dariya, dariyar ta koma kuka, ta kira ni da kalmar da suke kiran wawa. Na karɓa.

Bayan salla na bi takardar ofis-ofis tana shan hatimi, sannan na wuce lardinsu. Aka ɗauke mu hoto kafaɗa da kafaɗa a gaban jan ƙyalle, aka miƙa mana jan littafi kowa da nasa, ma'aikaciyar tana yi mana murnar sabon aure. Aka fassara, aka gwada lafiyarta, na koma wurin Basudanen na ba shi haƙuri. Har yau in aka tambaye ni yaushe muka yi aure sai na ɗan tsaya, don amsa biyu gare ni, kuma wadda duniya ta yarda da ita ba ita ce ta zuciyata ba. Ina yawan tunanin yadda ƙasa uku suka taru a kan aure ɗaya, kowace da abin da take kira shaida, kuma ba wadda ta tambayi matar ko tana jin tana da miji.

Ta iso Riyad da sanyi. Wata rana da hantsi, tana murza ƙullu a ɗan kicin ɗinmu na Malaz, ina tsaye a bakin ƙofa, ta ce min akwai abin da ban sani ba. A watannin nan da nake ce mata ana kai, ta koma wurin limamin da ya ɗaura mana aure, ta tambaye shi yadda mace ke fita daga auren da hukuma ba ta san da shi ba.

Na ce, "Me ya ce miki?"

"Ya tambaye ni ko ka faɗa da bakinka cewa ba ka so na. Na ce ai ba ka faɗin komai. Ya ce in yi haƙuri a sha ruwa, in salla ta wuce ba labari in dawo da Baba."

"Da ban kira ki ba fa?"

Ta yayyafa gari a kan katako, ta ci gaba da murzawa.

"Da rantsuwarka ta zama gaskiya," ta ce.