Mujalladi Takwas da Akwatin Yayana

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na ɗauki akwatin yayana a ka na kai shi suk ba, wato kasuwar garinmu. Shekaru sun ja, furfura ta cinye mini kai, amma duk sa'ad da na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Abin da ya fama mini tsohon mikin kuwa, kwanan baya wani malamin makaranta ya zo shagona karɓar ɗinki, ya ga wasu manyan littattafai takwas a saman kanta sun sha ƙura. Ya ce, "Ya hajji, irin waɗannan mujalladan sun cancanci mutum ya saya?" Na ajiye almakashi na ce masa ya ja kujera, domin amsar ba ta tsaye ba ce.

Lokacin muna samari akwai wasu ƙananan littattafan Larabci da lori ke kawowa garinmu Gadarif wata-wata. Labaran hayal ilmi ne, wato ƙagen kimiyya: jirage masu zuwa taurari, da mutanen ƙarfe masu magana, da sauran abubuwan da tsofaffinmu ke cewa ƙarya ce tsagwaronta. Silsila ce guda, kowane littafi da lambarsa, kuma girmansa bai wuce ya shige aljihun arragi ba, rigar nan tamu ta yau da kullum. Labarin wani jirgi ne da ya ɗauki irin shuka zai kai wata duniya, saboda ƙasar tamu ta daina ba da amfani. To ka ga ɗan manomi ba zai ji wannan ya kau da kai ba.

Yayana shi ya fara tara su. Direban tarakta ne a wani mashru'u, wato babbar gona, a Simsim. In damina ta kankama, laka ta rufe hanya, sai ya yi wata uku ba mu sa shi a ido ba, don haka kafin ya tafi yakan cika aljihu da jaka da littattafan nan. Da rana tsaka, in masu aiki sun fake a rumfa suna jiran zafi ya sauka, sai ya karanta musu yana juyawa da Hausa, domin da yawansu Larabcin kasuwa kawai suka iya, na littafi ya fi ƙarfinsu. Yana da wata al'ada. Duk littafin da aka gama, sai ya buɗe farin shafin ƙarshe ya rubuta Bismillahi a sama, kamar yadda malaminmu na allo ya koya mana, sannan ya rubuta ra'ayinsa. Wani wurin ya ce matuƙin jirgin nan da a Simsim yake da an kore shi tun makon farko. Waɗanda suka saurara kuma kowa ya sa sunansa a ƙasa, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a baƙin man tarakta ya manna.

Lamba talatin da bakwai ita ce ta ƙarshe da ya saya. Labarin kashi biyu ne. A kashin farko injin jirgin ya mutu a tsakanin taurari, irin shukan ya fara lalacewa, makanikin jirgin ya ɗaura igiya a ƙugu ya fita waje zai gyara, sai littafin ya ƙare. Yayana ya yi ta faɗa, wai wane irin rashin imani ne a bar mutum yana lilo a sama wata guda cur. A shafin ƙarshe ya rubuta mini saƙo: "Ƙanena, in na biyun ya iso ka ajiye mini. Kuma kada ka kuskura ka gaya mini ƙarshen." Ya tafi yankan riɗi, zazzaɓin kalazar ya kama shi a can, aka dawo mana da shi a bayan lori ya rame kamar ba shi ba. Bai yi kwana ashirin ba ya cika.

Lamba talatin da takwas kuwa ba ta taɓa zuwa Gadarif ba. Na nema har na gaji. Ta talatin da tara ta zo, ta arba'in ta zo, na ƙi saye, domin ban ga amfanin tsallake rami ba. Littattafan talatin da bakwai suka zauna cikin akwatin ƙarfensa a ƙarƙashin gadon innarmu. Ita ba ta karatu, amma duk Juma'a sai ta jawo akwatin ta goge shi da tsumma ta mayar.

Bayan shekara shida, da kaka, lokacin da suk ke cika da masu kuɗin riɗi, na bi ta gaban wata maktaba, shagon littattafai, sai na gan su jere a gilashi. Mujalladi takwas, bango mai kauri, rubutun zinariya a gadon baya, kowanne an haɗa lamba biyar a ciki. Na takwas an rubuta masa talatin da shida zuwa arba'in.  Ga lamba talatin da takwas, tsakanina da ita gilashi kawai.

Mai maktabar wani mutum ne mai tabarau da zaƙin baki, irin waɗanda za su sayar maka da rairayi a bakin kogi. Na ce na takwas kaɗai nake so. Ya girgiza kai. "La, ya ustaz, saiti ne. In na cire maka ɗaya, wa zai ɗauki sauran?" Na ce to bari in buɗe in duba, domin kowanne a naɗe yake cikin leda. Ya dafe littafin da tafin hannu ya ce buɗewa saye ne. Nan ya kamata in juya. Tun muna yara ake gaya mana ba a cinikin biri a sama, amma idona ya riga ya rufe. Da ya faɗi kuɗin na ga ko na haɗa duk abin da na samu a ɗinkin kaka ba zai kai ba, sai ya sassauta murya. Ya ce ai ya san gidanmu da littattafan nan, in kawo masa tsofaffin ya rage mini, masu nemansu suna da yawa, za su shiga hannun masu karatu.

Da na jawo akwatin, innarmu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta ce, "Ina za ka da kayan yayanka?" Na ce, "Inna, sababbi zan musanyo, masu kyau, waɗanda ba za su yage ba." Ta dube ni ta ce, "Tsohuwar zuma dai da ita ake magani." Ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuwa a raina har ina cewa tsohuwa me ta sani game da littafi.

Ban rasa hankali gaba ɗaya ba, in faɗi gaskiya. A hanya na zare lamba talatin da bakwai na sa a aljihu. Amma mutumin nan ya jera su a kan tebur, ya ga babu ita, ya ce silsila mai giɓi ba ta da daraja a wurinsa, ko duka ko a fasa. "Haba ya zol, bawan Allah, me za ka yi da wannan mai maiƙon? Ga ta nan a cikin mujalladi sabuwa fil, harafi ɗaya bai canza ba." Na sa hannu a aljihu na fito da ita na miƙa masa. Da hannuna. Wannan hannun da nake ɗinki da shi.

Na iso gida da la'asar, ko takalmi ban cire ba na yage ledar na takwas. Abin da na fara gani shi ne babu bangon ko ɗaya. Duk zanen nan masu launi da muke kallo kafin mu fara karatu an fige su. Ashe ba sabon bugu ba ne, ragowar da ba a sayar ba ce aka tattara, aka datse gefe, aka manne da gam, har wasu layukan wuƙa ta cinye musu kai. Na ce ba komai, ni dai talatin da takwas. Na wuce talatin da shida. Na wuce talatin da bakwai, makaniki ya ɗaura igiya ya fita. Na juya shafi, sai ga farkon talatin da bakwai kuma. Na ɗauka idona ne. Na sake dubawa. Sau biyu suka manna ta, daga nan sai talatin da tara. Kai! Wani malalaci a can inda ake haɗa su ya rasa ta talatin da takwas, ya cike gurbin da abin da hannunsa ya taɓa, don kaurin littafi ya yi daidai. Shi ke nan, mutumina yana nan yana lilo a sama, yanzu ma har sau biyu.

Washegari Juma'a ce, maktaba a rufe. Ranar Asabar tun kafin ya gama buɗe ƙofa ina tsaye. Na buɗe masa littafin a gaban hancinsa. Ko gezau. Ya ce, "Malesh, sai haƙuri. Daga matba'a ne, can inda ake buga su, ni ma haka aka kawo mini. Kuma ka yage leda." Na ce ya buɗe wani saitin mu gani, ya ce ba zai lalata hajarsa ba. Na ce to na yafe, ya riƙe mujalladansa da abin da na cika masa, ya ba ni littattafan yayana kawai. Sai ya kau da kai yana goge tabarau. Ya ce ya sayar. Na ce wa? Ya ce, "Wa zai sayi littafi duk baƙin mai da kwashe-kwashen rubutu? Mai agashe na bakin tashar lori na auna wa."

Jama'a, ku ji fa. Mutumin da ya ce silsila mai giɓi ba ta da daraja, ya tilasta mini fito da ta aljihuna, ashe takardar ƙunshe nama yake tarawa. Shi dai burinsa tsofaffin su ɓace daga gari, kowa ya dawo kan mujalladansa. Abin da na gaya masa a ranar ba zai rubutu ba. Sai da masu shagunan kusa suka riƙe ni, wani yana cewa in yi salati. Salatin na yi, amma ban janye ko kalma ɗaya ba, har gobe.

Na ruga tashar lori. Mai agashen dattijo ne Bahaushe, mun san shi tun muna yara. Na tarar da shi yana barbaɗa yaji a kan nama, ga tarin shafuka a gefensa an danne da dutse. A gabana ya zari ɗaya ya ƙunshe wa wani direba nama. Na ga rabin hoton jirgin nan yana shan mai. Na tsuguna a wurin. Ya ce, "Ɗana, lafiya?" Na ce, "Baba, littattafan yayana ne. Marigayi, mai tarakta." Ya yi salati ya ajiye wuƙa. Ya ce tun ranar Alhamis da yamma yake yagarsu, kaka ce, ciniki ya buɗe, an ci fiye da rabi.

Sai ya miƙe, ya sa hannu a cikin rufin rumfarsa, can sama tsakanin kara da azara, ya zaro wasu takardu a naɗe. Ya ce, "Ni ban yi karatun boko ba, ban san me littattafan nan ke cewa ba. Amma Bismillahi na san ta ko a mafarki. Kowane littafi na ɗauka sai in ga shafin ƙarshe da sunan Allah da rubutun hannu. Ni ba na ƙunshe nama da sunan Allah. Na bi su duka na cire na ɗaga sama, ina jiran in samu sarari in ƙona." Na warware. Duka suna nan, talatin da bakwai, da sunayen mutanen Simsim da dangwalen yatsunsu. Na ƙasa shi ne saƙona. Na yi kuka a tashar lori, gaban direbobi da 'yan dako, ban ji kunyar kowa ba. Na so in ba shi wani abu, ya ce in na sake wannan magana zai ɓata da ni.

Ka duba lamarin nan. Mai tabarau da ya kwana ya tashi cikin littattafai bai ga komai a jikinsu ba sai nauyin kilo. Wanda bai iya karanta su ba shi ya san akwai abin da ba a wulaƙantawa.

Na koma gida na zauna gaban innarmu, na gaya mata duk abin da na aikata, ban rage ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta karɓi takardun tana shafa su ɗaya-ɗaya, ta ce in karanta mata na ƙarshen. Na karanta. Sai ta ce, "To ka ajiye masa na biyun?" Na ce, "Ban samu ba, Inna." Ta ce, "To mayar masa da waɗannan inda ka ɗauko." Ta jawo akwatin da babu komai ciki, ta zuba su, ta goge murfin da gefen zanenta.

Wannan shi ne abin da na gaya wa malamin nan. Mujalladi ba haram ba ne. In ba ka da ko ɗaya, kana son labarin kawai, saya, amma a yage ledar a gabanka, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu a aljihu, in an hana ka buɗewa ka kama gabanka. In kuwa kana da tsofaffinka da suka bi hannun mutane, suka sha zufa da maiƙo, wani naka ya yi rubutu a ciki, to ko da zinariyar gaske aka yi wa sabon ado kada ka musanya. Labari matba'a na iya sake buga shi sau dubu, rubutun mamaci kuwa sau ɗaya ake yinsa. Mujalladan suna nan a kanta, ban sake buɗe su ba, na bar su ne don in riƙa ganin wautata. Lamba talatin da takwas kuma na daina nema. Yayana ya ce kada in gaya masa ƙarshen, ga shi ni ma ban sani ba.