Goruna Talatin a Baranda

Shekara biyu ni ce mai kunun zaƙi a Cheras, unguwarmu a Kuala Lumpur. Ko suna ne, ko walimar gama karatu, ko buɗa-baki, ni ake kira. Sai ga wata Bazazzagiya ta tare a hawa na tara na gininmu, mijinta ya zo digiri na uku kamar maigidana. Ba ta yi wata ɗaya ba aka daina kirana.

Na sha nata, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya fi nawa. Zaƙinsa ba na sukari ba ne, a hankali yake zuwa. Maigidana ya shanye kofi biyu a gabana, har da lumshe ido. Kishi ya kama ni, irin wanda ke hana mutum amsa sallama da kyau. Na ji ana cewa shinkafa take sakawa. Da na hau hawa uku kacal na tambaye ta, da ta gaya mini tsiron shinkafa ne, a jiƙa mai ɓawo ta tsiro, a shanya, a niƙa. Amma ni Bakanuwa in je koyon kunu wurin yarinyar da na girma? Allah ya kiyaye.

Da matar shugaban ɗalibanmu ta haihu, a ginin namu take, na riga kowa cewa ni zan yi kunun suna. Na tafi kasuwa wurin wata tsohuwa mai sayar da tapai, shinkafar nan da mutanen ƙasar ke tsimawa ta yi zaƙi, na tambaye ta me take sakawa. Ta miƙo mini wasu fararen ƙwayoyi kamar alli, wai sunansu ragi. Na nuna mata hoton kunu a waya. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba ta ce, "Boleh, boleh," wato zai yiwu.

Na jiƙa gero, na markaɗa da citta da kanumfari da dankali, na dama. Da ya huce na murtsuke ragi har shida a ciki, na ɗura a goruna talatin, na ɗaure murafen tam. Na jera su a baranda kwana biyu, yadda tsohuwar ta ce tana yi wa tapai. A zafin Kuala Lumpur!

Ranar suna na tarar gorunan sun kumbura sun yi tauri, na ce alamar kyau ce. A kicin ɗin maijego na murɗa murfin ɗaya, sai ta yi tsaki, kumfa ya yi tsiri har silin. Warin da ya tashi, duk wanda ya taɓa ratsa wasu lungunan Sabon Gari ya san shi. Giya na haɗa da hannuna, ga malamai a falo suna jiran abin sha.

Bazazzagiyar ce kaɗai a kicin, tana yanka albasa. Ta shinshina, ta dube ni.

"Yaya, yis kika saka?"



Ta tura ƙofa, ta tuttular da gorunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye su. Ta hau sama ta sauko da bokitin da ta dama wa ɗalibai masu saye, ta ɗura nata a gorunana.

Mahaifiyar maijego, wadda ta zo daga gida wankan jego, ta kurɓa ta ce, "Kai! Wannan hannun Kano ne." Ta juya ga Bazazzagiyar. "Ke 'yar nan, ki riƙa zuwa wurin yayarki kina koyo."

"In sha Allahu, Hajiya," in ji ta, ko murmushi ba ta yi ba.

Ban taɓa jin kishinta kamar ranar ba. A kunu ta fi ni, ashe a hali ma haka. Tun daga sunan nan kira ya dawo wayata, kowa irin na ranar yake so. Ni kuwa duk wadda ta kira sai in ce mata ba na jin daɗi.